Haƙƙin Manomi a Cikin Tukunyarka

 Ɗana, ina so mu yi wata ƴar magana a kan cefane, kuma na san za ka ce wannan ai hira ce ta cikin gida, ba ta kai a zaunar da magidanci a kanta ba. Ka dai yi mini haƙuri ka saurara, domin halin mutum yakan bayyana a gaban mai kashin tumatur, a inda babu wanda ya san shi, babu kuma wanda yake jin nauyinsa, kuma abin da ka saba zuba wa iyalinka a kwano yau shi ne zai yanke wa ƙauyen kakanninka hukunci gobe, ko a ci gaba da noma a can ko a watse.

Ku kun tashi a zamanin da miya ɗaya ake nema tun daga farkon shekara har ƙarshenta, jar miya a kan farar shinkafa, saboda haka duk ranar da tumatur ya yi tsada sai gida ya rikice, a shiga ƙorafi kamar abinci ya ƙare a duniya. Mu kuwa a gidajen da muka tashi, tukunya ta san watanni. Idan ruwan farko ya sauka, manomi ya bi sungumi yana jefa iri, to kafin gero ya kai gwiwa ganye ya riga ya fito ko'ina: tafasa a bakin hanya, lalo a gefen kunya, rama da yakuwa a bayan gida, zogale ya yi sabon toho a jikin danga. Ka lura da hikimar Ubangiji a nan, domin wannan shi ne daidai lokacin da rumbu yake yin ƙasa, hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba, sai ga ganye kyauta ya zo ya tallafi ɗan abin da ya rage. Ana dafa rama a tsane ruwan tsamin, a matse ta da hannu, a daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, a yanka albasa, a ɗiga man gyaɗa a cakuɗa, kuma wanda ya ci wannan kwaɗo da hantsi zai yi noman firi har azahar bai ji jiri ba. Likitoci a yau suna gaya wa masu juna biyu su yawaita cin ganye domin ƙarin jini, iyayenmu mata kuwa sun daɗe da sanin haka tun ba a rubuta shi a katin awo ba.

Damina na yin nisa sai ɗanyar kuɓewa ta shigo, da yalo da data, sannan masara ta fara ƙamshi a kan garwashi a kowace kwana, a bi ta da dafaffiyar gyaɗa da gurjiya. Daga nan sai tumu. Ban sani ba ko ƴaƴanka sun taɓa ganinsa. Ana karyo zangarniyar gero tun ƙwayar tana da ɗan danshi, ba ta gama bushewa ba, a ɗora ta a kan harshen wuta ana juyawa har ta fara ƙara tana tsalle, sannan a murje ta tsakanin tafin hannu biyu, a hure ƙaiƙayin, a watsa a baki da zafinta. Kwanakin tumu kaɗan ne a shekara, ba a sayar da shi a kanti, ba a kuma ajiye shi, saboda haka yaron da aka kai shi gona ya ci tumu ya koyi cewa akwai daɗin da jira kaɗai ke kawo shi, kuma wannan darasi zai yi masa amfani a wuraren da ba su shafi abinci ba.

Kaka ba ta buƙatar dogon bayani, domin ita kowa ya san ta: gero ya fara shiga gida, wake da gyaɗa da riɗi su biyo, dawa ta zo a ƙarshe lokacin da sanyi ya fara busawa, kabewa ta cika rufin ɗaki ana ta miyar taushe. Da hunturu sai rake da dankali da rogo, da magarya da aduwa da goriba a faifan tsofaffi. Bazara kuwa, da duk zafinta, ita ke kawo mangwaro da ɗorawa, kuma kafin a ankara kaɗanya ta fara zuba, ruwa ya sake dawowa. Babu watan da Allah ya bar mu hannu rabbana. Mu ne muka rage wa kanmu arziki da muka ce sai abu ɗaya za mu ci.

Yanzu bari in zo kan tumatur ɗin nan da ya zama sarkin miya, domin labarinsa shi ne zai nuna maka inda gizo ke saƙa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ja magudanai zuwa Kura da Kadawa da Bunkure da Garun Malam, noman rani ya zama babbar sana'a a kudancin Kano, kamar yadda Bakolori ta yi wa mutanen Talatar Mafara. Tumatur yana son sanyin hunturu, saboda haka kusan kowa lokaci guda yake dasawa, kuma lokaci guda yake nuna. Je ka Kwanar Gafan a kan hanyar Zariya tsakanin Janairu da Maris ka ga kwanduna jere iya ganinka, manyan motoci suna lodi zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas. Ana ɗora kwando a kan kwando, na ƙasa yana matsewa, ruwansa yana tsiyaya a kan titi tun kafin a fita daga Kaduna, kuma akwai ranakun da farashi ke karyewa har manomi ya lissafa kuɗin tsinka da na kwando da na mota ya ga gara ya bar shi ya ruɓe a gona. Wannan mutumin ya sayi taki da tsada, ya sayi fetur na injin ban ruwa, ya kwana cikin sanyi yana gadin ruwa. Bayan wata uku ko huɗu, idan zafi ya tsananta kuma damina ta kama, tumatur sai ya ɓace, kai kuma a birni ka koma tumatirin gwangwani da na leda, wanda mafi yawan markaɗensa daga ƙasar Sin ake shigo da shi. Ka ga an yi asara sau biyu ke nan, manomi ya zubar a watan yalwa, kai ka biya wani manomin da ke wata uwa duniya a watan tsada.

A 2016 ma abin ya wuce haka, domin tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta shiga gonakin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa ta cinye ganye da ƴaƴa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatur, kuma masana'antar markaɗa tumatur ta Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a wannan shekarar ta tsaya saboda rashin abin da za ta markaɗa. A wancan lokaci gidajen da suka iya miyar kuka da busasshiyar kuɓewa da yakuwa ba su ji jiki kamar sauran ba.

Ke kuma ƴata, mai ɗakinsa, da tukunya take hannunki, nan maganar ta fi shafar ki, kuma ina yi miki ita da girmamawa, domin na san yadda kike jan kuɗin cefane ki kai shi ƙarshen wata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan tumatur ya yi araha, ki sa a sayo miki kwando guda, ko ku haɗa ke da maƙwabta biyu ku raba. Ki wanke shi, ki tsaga kowane gida biyu ko huɗu, ki shanya a kan tsabtatacciyar tabarma ko faranti a saman rumfa, inda ƙura da kaji ba sa kaiwa, ki riƙa juyawa, kuma iskar hunturu za ta yi miki sauran aikin cikin ƴan kwanaki. Abin da ya ɓata wa kauɗa, wato busasshen tumatur, suna a wurin matan birni shi ne wadda ake shanyawa a ƙasa a bakin titi, mai yashi da baƙi. Wadda kika yi da hannunki ja take fitowa, ki jiƙa ta a ruwan ɗumi ki markaɗa da tattasai, babu mai cewa ba ɗanye ba ne. Haka za ki yi da attaruhu da tattasai, haka za ki yi da kuɓewa a ƙarshen damina, ki yanka ta ƙanana ki busar. Ganye kuwa, zogale da rama da kuka, a inuwa ake shanya shi inda iska ke ratsawa, domin rana tana kashe masa launi ta kuma rage masa amfani. Ko ganyen albasa iyayenmu ba su yar ba, sun daka shi sun mulmula gabu. Da wannan aikin na ƴan makonni kin sayi abin manomi a ranar da ya fi buƙatar mai saye, kin kuma tsare gidanki daga tsadar damina, kuma ban san wata dabara ta tattali da ta fi wannan adalci ga ɓangare biyu ba.

Idan kuma matsalarki rashin wuta ce, ki tuna da aikin Muhammad Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa, wanda ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa mai iska. Ruwan yana fita ta jikin babbar tukunyar yana tafiya da zafi, saboda haka cikin ƙaramar yakan yi sanyi, kuma yalo da tumatur da barkono da kan lalace cikin kwana uku sukan kai makonni. Aikinki kawai ki riƙa yayyafa wa yashin ruwa safe da yamma, kuma ta fi aiki a lokacin rani da iska take bushe. Maginar tukwane ta unguwarku ma ta samu ciniki.

Wake yana da tasa damuwar, domin ƙwaro ba ya barinsa, kuma tsoron ƙwaro ne ya sa wasu ƴan kasuwa suke zuba masa maganin feshi mai guba, har Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta a 2015. Abin da Bature ya ƙi karɓa, mu muke dafa wa ƴaƴanmu. Maganin wannan shi ne ka sayi wakenka da kaka, sabo, daga hannun wanda ya noma shi, ka tabbatar ya bushe sarai, ka zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, ko a wankakkiyar jarka busasshiya mai murfi, ka cika ta har baki ka toshe. Ƙwaro ma numfashi yake yi, idan iska ta ƙare masa zai mutu ba tare da ɗigon magani ba.

To, ɗana, bari in dawo gare ka, domin akwai abin da ya fi ajiya nauyi, shi ne yadda kake yin ciniki. Na sha ganin mutum ya shiga babban kanti mai sanyi, ya ɗauki tuffar da aka kawo daga Afirka ta Kudu, ya biya abin da aka rubuta bai ce uffan ba, sannan a kan hanyarsa ta komawa gida ya tsaya wurin dattijon da ya turo alayyahu da latas a kan keke tun asuba daga lambunsa, ya yi masa tayin wulaƙanci. Dattijo ya ce albarka, shi kuma ya juya kamar zai tafi, domin ya san rana tana yi, ganye yana yaushi, kuma mutumin nan ba shi da ikon komawa gida da kayansa. Daga ƙarshe a ce masa kawo, ya kuma nemi gyara a kai. Tayi halal ne, al'adarmu ce, ban hana ka ba. Amma akwai tayin da yake neman gaskiyar farashi, akwai kuma wanda yake cin gajiyar ƙuncin ɗan'uwanka, kuma zuciyarka ta san bambancinsu ko da bakinka bai faɗa ba. Naira ɗari da ka ƙwace da wayo ba za ta gina maka komai ba, shi kuwa a wurinsa kuɗin irin baɗi ne.

Ka kuma san halin da manomin yake ciki kafin kayansa su iso gare ka. Da yawansu da bashi suke shiga damina, su karɓi taki ko kuɗi a hannun mai hali a kan za su biya da hatsi idan kaka ta yi, kuma kaka ita ce lokacin da hatsi ya fi arha, saboda haka rabin guminsu yana tafiya tun dami bai shiga rumbu ba. Idan bazara ta zo, mutumin da ya noma geron shi ne zai je kasuwa ya sayi tiya da tsada. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato kuwa, akwai ƙauyukan da sai sun biya ƴan bindiga haraji kafin su yi shuka, su sake biya kafin su girbe, kuma ba mu manta da manoman shinkafa na Zabarmari a Barno da aka yi wa yankan rago a gonakinsu a Nuwamban 2020 ba, Allah ya jiƙansu da rahama. Wanda ya ci gaba da riƙe fartanya a cikin irin wannan hali ya cancanci a gaishe shi da hannu biyu. Idan ɗansa ya duba duk wannan ya ga babu riba babu mutunci, zai sayar da gayaunarsa ya sayi babur ya nufi Abuja ko Legas, kuma babu wanda zai ga laifinsa. Sai dai gonar da aka bari ba ta cika dawowa ba, fuloti ake yankawa a cikinta.

Kada ka ɗauka abin da ake da shi ba ya gushewa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta ɗaga wannan ƙasa har aka riƙa jera buhuna ana yin dala, su Alhassan Ɗantata suka yi suna da ita. Farin farkon shekarun 1970 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, sai ga dalar ta zama tarihi, yau sai dai a hoto. Tun daga lokacin muka koyi cin abin da jirgin ruwa ya kawo, kuma kai da kanka ka ɗanɗani sakamakon: an rufe iyakoki a Agustan 2019 shinkafa ta tashi, yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 fulawa da burodi da taki suka tashi, an janye tallafin fetur a Mayun 2023 duk abin da ke hawa mota ya tashi. Gwargwadon nisan da abincinka yake tafiya, gwargwadon yawan mutanen da za su iya hana ka shi. Ga albasar Aliero da ta Galmi, ga dankalin Turawa na Jos, ga tattasan Diffa, ga shinkafar Kabi da ta Haɗeja, ga hatsi cike da Dawanau. Na yarda a da shinkafar gida tana da tsakuwa, amma injinan casa na yanzu sun rage wannan ƙwarai, kuma gero da dawa da acca sun fi farar shinkafa riƙe ciki da gina jiki.

A da akwai zumunci tsakanin birni da karkara wanda ba na kuɗi kaɗai ba. Da rani jakuna sukan shigo Kano da itace da kara, su fita da mangaloli cike da toka da kashin awaki da sharar gida, a zuba a gonakin da ke kewaye da ganuwa, kuma da wannan taki ne aka yi ta noma gonakin shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Birni yana ci, yana kuma mayarwa. Yanzu sharar tamu leda ta yi mata yawa, jakunan ma sun yi ƙaranci, saboda haka sai ku nemi wata hanyar mayarwa, kuma hanyar da na fi gani kusa ita ce ka san manomi ɗaya da sunansa da gonarsa. Ba sai ka yi nisa ba, akwai shi a danginku ko dangin matarka. Ku haɗu ku biyar ko shida a wurin aiki ko a unguwa, ku yi magana da shi tun kafin ruwa ya sauka, ku ba shi kuɗin buhunan da kuke so domin ya sayi taki da iri a kan kari. Shari'a ta yarda da irin wannan ciniki na biya kafin karɓa, wanda malamai ke kira salam, matuƙar an fayyace irin hatsin da ma'auninsa da ranar bayarwa, amma ku sa farashin adalci, kada ku zama wani sabon mai bashin kaka da rigar taimako. Idan fari ko ambaliya ta same shi, ku yi masa jinkiri. Dillalai da ƴan sari ba maƙiya ba ne, suna da aikinsu da wahalarsu, kuma akwai abubuwan da dole ta hannunsu za ka samu, sai dai duk inda ka iya miƙa kuɗinka kai tsaye ga hannun da ya yi huɗa, to ka miƙa.

Wannan sanayya ce kuma za ta ba ka bakin yi masa gyara, domin manoma ma ƴan Adam ne. Akwai mai jera manya a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, akwai mai fesa magani yau ya tsinka gobe, akwai mai ban ruwa da ruwan kwata. Baƙo ba ya iya yi musu magana, amma wanda ya biya tun kafin shuka, ya zo suna, ya zo ta'aziyya, idan ya ce malam kada ka fesa wa nawa ana saura kwana biyu tsinka, za a ji shi. Wani laifin ma namu ne mu masu saye, domin gaggawarmu ce take sa a tsinko mangwaro da ayaba ɗanyu a turara su da sinadarin kabaid na masu walda, wanda hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa. Za ka gan shi rawaya shar a waje, ciki kuwa tsami da fari. Ka jira makonni kaɗan, na bishiya zai zo da kansa, ya yi arha har yara su ƙoshi.

Ka fara da abu kaɗan, kada ka ɗora wa iyalinka sauyi a rana ɗaya su ƙi shi gaba ɗaya. Ko sau biyu a mako a tuƙa tuwon dawa ko na gero, a yi dambun zogale ran Juma'a idan damina ta kama, a dama kunun tsamiya da safe maimakon shayi da burodi kullum. Idan an yi hutun makaranta a ƙarshen damina, ka ɗebi yaran ka kai su ƙauye su kwana biyu, ka riƙe wa mai gonar goro da sabulu da turmin atamfa na uwargida, ka kuma gaya masa tun yanzu buhu nawa na dawa da wake kake so ya ware maka, domin ya san lissafinsa kafin ƴan sari su iso ƙofar gidansa. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yaran, Allah ya ba mu damina mai albarka.